Shawara: Ina Son Range Rover, Uwargida Ta Ce In Bar Ta

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato, ina harkar albasa da hatsi, kuma sana'ata tana kai ni Illela kusan kowane mako, wani lokaci har Kano. Shekara 9 ke nan ina hawan Corolla, yanzu Allah ya hore mini naira miliyan 24 da na ware domin in sayi motar alfarma wadda aka riga aka yi amfani da ita. Dillali ya nuna mini guda uku. Akwai Range Rover Sport ƙirar 2011 da aka hau a nan gida, ana neman miliyan 15. Akwai Mercedes ML350 ƙirar 2013 da aka hau a Abuja, miliyan 20. Sai Lexus RX 350 ƙirar 2012, 'yar Beljiyam da ba a yi wa lamba ba, miliyan 23. Zuciyata tana kan Range, abokaina na kasuwa ma ita suke cewa in ɗauka, amma uwargida ta ce in bar ta. Dillalin ya ce in ba da kafin alƙalami na miliyan 2 kafin Juma'a saboda akwai wani Alhaji da ke nemanta, kuma takardunta na kwastan suna hannun mai ita na farko, za a kawo daga baya. Wacce zan ɗauka? Daga mai karatu a Mabera.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya sa abin da za ka saya ya zama abin hawa na alheri. Zan fara da abin da ya fi gaggawa a wasiƙarka, wato maganar Juma'a. Kada ka ba da kafin alƙalamin nan. Alhajin da ake cewa yana neman motar, duk wanda ya taɓa shiga cinikin mota ya san labarinsa, domin yana nan a kowane wurin sayar da motoci daga Sakkwato har Legas, kullum yana gab da biya, amma ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Idan kuwa da gaske akwai shi, to ka bar masa, domin motar da aka ce takardunta za su biyo baya cinikinta cinikin biri a sama ne, kuma na tabbata kai da kanka ba za ka biya kuɗin buhu ɗari na albasa ba alhali ba ka kwance bakin ko ɗaya ba.

Dalilin da ya sa na tsananta a kan takardu shi ne inda muke zaune. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, ta ce sai ta tashoshin jiragen ruwa, kuma mu maƙwabtan Birnin Ƙonni mun fi kowa sanin cewa hanin bai hana wasu motocin bin hanyoyin daji ba. Irin wannan mota tana iya yin shekaru tana yawo a cikin gari da lambarta ba wanda ya tanka mata, domin samun lamba ba shaida ba ce ta cewa an biya kuɗin fito. Amma ranar da ka ɗauki hanyar Kano jami'an kwastan masu sintiri suka tsayar da kai, kai ne za ka amsa tambaya, a lokacin kuwa dillali ya daɗe da cinye la'adarsa. Saboda haka, ko wacce mota ce a cikin ukun, ka karɓi kwafin takardun duti, ka je ofishin kwastan da ƙafarka a tantance maka su, sannan ka gwada lambar shasi da ke kan takarda da wadda ke jikin mota harafi bayan harafi. Zuwa da kai ya fi saƙo, musamman idan ɗan saƙon yana da rabo a cikin cinikin.

Wannan lamba ta shasi ta cancanci ka tsaya a kanta. Haruffa ne da alƙaluma guda 17, ana samunta a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofar direba, kuma dole su zama iri ɗaya a duka wuraren. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, na goma a cikin jerin shi ne yake faɗin shekarar ƙira: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D kuma 2013. Na kawo wannan ne saboda wata al'ada da ta zama ruwan dare, inda ake ɗaukar tsohuwar mota a sauya mata fitilu da bamba da garmar gaba, a yi mata sabon fenti, sai ta fito da fuskar ƙanwarta alhali injinta da giyarta da wayoyinta na nan da shekarunsu. Range Rover da Lexus RX suna cikin waɗanda aka fi yi wa wannan kwalliya. Idan Range ɗin da aka ce maka ta 2011 ce ba ka ga harafin B a gurbi na goma ba, to an fara yi maka ƙarya tun kafin a tayar da inji.

Da wannan lambar kuma ake tono tarihin mota. Muna kiran su 'yan Beljiyam ne bisa sabo, amma yawancin irin waɗannan motoci daga Amurka da Kanada suke fitowa, kuma da yawa daga cikinsu an sayo su ne a gwanjon motocin da kamfanonin inshora suka yafe, irin su Copart da IAA, bayan haɗari ko ambaliya. Ka sa wani yaro da ya iya intanet ya rubuta lambar ya bincika, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna nan, za ka ga yadda take kafin masu gyaran jiki su taɓa ta. Rahoton Carfax kuma, wanda ake biya a samu, yana nuna haɗurran da aka rubuta da kuma nisan da motar ta yi, ta yadda za ka gane ko an juya mita baya. Ka tuna cewa mitar motar Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka mil 150,000 kilomita 240,000 ke nan. Motar da ta yi haɗari aka gyara da kyau ana iya hawanta idan farashinta ya nuna hakan. Wadda ruwa ya ci ita ce ba ta da magani. Guguwar Harvey da ta afka wa Texas a 2017 da ta Ian da ta afka wa Florida a 2022 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, kuma ruwan da ya shiga wayoyi da ƙwaƙwalwar mota ba ya nuna kansa ranar ciniki, sai bayan watanni tsatsa ta fara aikinta, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga. Akwai kuma batun sata. A 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can, kuma Lexus RX tana cikin motocin da ɓarayi suka fi ɗauka a ƙasar, saboda haka 'yar Beljiyam ɗin taka ma ba ta tsira daga bincike ba.

Yanzu mu zo ga lissafi, wanda a ganina nan ne ainihin matsalarka take. Kana kallon miliyan 24 a matsayin kuɗin sayen mota, ni kuwa ina kallon su a matsayin kuɗin sayen mota da riƙe ta na shekarar farko. Sakkwatawa sun san doki, sun kuma san cewa wanda ya saye shi bai tanadi harawa da dawa da mai kula da shi ba, kafin Sallah ta zagayo ƙashin haƙarƙarinsa ake ƙirgawa. Motar alfarma tana faɗuwa a farashi idan ta tsufa, amma kayan gyaranta ba sa faɗuwa tare da ita, suna nan a farashin motar da attajiri ya saya sabuwa, kuma da dala ake shigo da su. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, duk abin da mota ke ci ya tashi. Ko motar lafiyayya ce, a watan farko za ka juye baƙin mai da man giya, ka sauya matatun iska da na mai, wataƙila da batir da tayoyi huɗu, ka yi lamba da inshora. Inshorar dole ta ƙaramar mota naira 15,000 ce tun farkon 2023, amma ita wanda ka buga kawai take biya, idan kana son wadda za ta rufe motarka kanta sai ka tanadi kimanin kashi 5 cikin ɗari na darajarta kowace shekara. Ma'aunin da nake bai wa mutane shi ne su ajiye kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsu a gefe. A wurinka wannan yana nufin motar da za ka saya kada ta wuce miliyan 19 zuwa 20.

Da wannan ma'auni za ka ce ai Range ce ta fi dacewa, tunda za ta bar maka miliyan 9. A nan ne tarkon yake. Ba na musun cewa mota ce mai kwarjini, kuma wanda ya taɓa zama a cikinta ya san dalilin da ya sa ake sonta. Amma ka tambayi kanka me ya sa motar da ta fi sauran biyun tsada a lokacin da suke sababbi ta zama ita ce mafi araha a yau. Kasuwa ce ta yanke mata wannan hukunci, kuma kasuwa ta san abin da ta gani. Motar ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan iska na roba take, da injin hura iska da na'urorin auna tsayi, kuma roba mai shekara fiye da goma a garin da zafinsa ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ga ƙurar hunturu, ba ta da sauran dogon kwana. Idan jaka ɗaya ta fara yoyo injin hura iskar zai yi ta aiki har ya ƙone, sai ka wayi gari motar ta durƙusa kamar raƙumi. Idan ƙirar Amurka ce, injinta V8 ne mai lita 5.0, wanda aka san shi da lalacewar abubuwan da ke riƙe sarƙar taimin da kuma fashewar bututun ruwa na roba, kuma inji ne da zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya gama da shi. Nauyinta ya kai kimanin tan 2.5, kuma man da za ta sha zuwa Illela da dawowa zai ninka na Corolla ɗinka ko ya fi.

Abin da ya fi wannan duka shi ne wanda zai gyara ta. Kayanta na gaske sai an aika Ladipo a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ko Apo a Abuja, kuma idan aka kawo wanda bai dace ba sai a sake jira. Na san wani gida da irin wannan mota ta yi damina biyu a ƙarƙashin dogon yaro an lulluɓe ta da tamfol, awaki suna shan inuwa a gefenta, ba don mai ita ya talauce ba, sai don bakanike uku sun taɓa ta kowanne ya ƙara mata ciwo. Ka kuma yi tunanin hanyar da kake bi. Mutumin da ke ratsa Talatar Mafara da Gusau zuwa Funtuwa a wannan zamani yana bukatar motar da ba za ta tsaya masa a daji da la'asar sakaliya ba, kuma wadda ba za ta sa a riƙa nuna shi da yatsa ba. Uwargida ta fi abokan kasuwa gaskiya a wannan magana, kuma ba abin mamaki ba ne, domin su hawa za su yi a gaba ranar ɗaurin aure, ita kuwa da ita za a yi lissafin cefane idan kuɗin gyara ya fara cin jari.

Mercedes ɗin tana tsakiya. ML350 ta 2013 mota ce mai ƙarfi da daɗin tafiya mai nisa, injinta V6 ne mai lita 3.5, giyarta mai hawa 7. Sai dai injin nata yana fesa mai ne kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, saboda haka ba ya jure gurɓataccen fetur, wanda ya saba tsayawa wurin 'yan bumburutu idan tafiya ta kama sai ya bar wannan ɗabi'a. Baƙin manta ma ba kowanne ba ne, sai wanda aka rubuta 229.5 a jikin galan ɗinsa. Ka leƙa ƙarƙashinta ka gani ko a kan sifirin take ko a kan iska, domin akwai masu tsarin Airmatic, kuma mai sifirin ita ce ta fi dacewa da mu. Idan ka ga an rubuta BlueTEC a bayanta, ta dizal ce, ka bar ta. Tunda an hau ta a Abuja, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa ya riƙa gyara ta, kuma mai ita zai yarda ya haɗa ka da shi ku yi magana? Idan an samu wannan, kuma ka samu bakanike a nan Sakkwato mai kwamfutar da ke karanta Mercedes, wanda ka ga motocin da ya gyara suna tafiya, ba zan hana ka ita ba. Amma ka nemo bakaniken tukuna kafin ka nemo motar.

Lexus ita ce zaɓina, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lexus reshen alfarma ne na kamfanin Toyota, wanda ya fara fitowa kasuwa a 1989, kuma injin RX 350, wato 2GR-FE mai lita 3.5, shi ne dai a cikin Camry mai V6 da Avalon da Highlander da Sienna da Venza. Ma'anar wannan ita ce bakaniken da ya shekara 9 yana duba Corolla ɗinka ba zai tsaya yana kallonta kamar baƙuwa ba, kayanta kuma idan ba a samu a gari ba za a samu a Ƙofar Ruwa a Kano a saka a mota su kwana a hanya. Ranar da ka so sayarwa ma ba za ka yi wata uku kana neman mai saye ba. Tana da nata lalurorin, famfon ruwanta yakan yi yoyo, kuma baƙin mai yakan tsattsafo ta murfin gaban inji, don haka a duba waɗannan wurare da tocila. Matsalarta a wurinka ita ce farashi. Idan ka biya miliyan 23 ka rage da miliyan ɗaya, kafin ka yi lamba ka sauya tayoyi ka fara taɓa kuɗin albasa, kuma wannan shi ne abin da ba na so ka yi. Ka taya ta ƙasa sosai, idan ba a sallama ba ka nemi irinta da aka hau a gida a hannun mutum ɗaya mai kula, ko ka duba ES 350 mai inji iri ɗaya idan tsayin mota bai dame ka ba, ko kuma ka jira ka fitar da kayan da ka ajiye ka ƙara a kan kuɗin. Idan ka sauka zuwa RX ta 2007 zuwa 2009, a duba wani bututun baƙin mai da aka yi wa gaɓar roba wanda yakan fashe, a tabbatar an sauya shi da na ƙarfe, ka kuma sani cewa dashbod ɗin waɗannan shekarun yana tsagewa a rana irin tamu.

Duk wadda ka tsayar, ga yadda za a duba ta, kuma da bakanikenka za ka je, wanda kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku je da sassafe ba tare da an san sa'ar zuwanku ba, ka ɗora hannu a kan bonet ka tabbatar injin da sanyinsa, domin ƙarar sarƙa da hayaƙi a tashin farko suke fitowa, shi ya sa masu wayo suke ɗumama mota kafin mai saye ya iso. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilun gargaɗi duka sun kama, har da ta inji da ta jakar iska ta haɗari, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an rufe ta. A sa mata kwamfuta. A ɗaga kafet a shinshina, a zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa a ga ko akwai shatin ruwa, a duba ramin safaya taya ko akwai tsatsa ko busasshen laka. A buɗe tankin ruwa a ga ko ruwan sanyaya inji mai launi ne a ciki ko ruwan rijiya, a kuma duba ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, domin wannan alama ce ta motar da ta taɓa yin zafi aka rufe maganar. A leƙa salansa a tabbatar ba a fasa an kwashe matatar hayaƙin da ke cikinta ba, wadda bakanike ke kira indomi. Tayoyi kuma suna da ranar haihuwa a jikinsu, alƙaluma huɗu ne, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma tsohuwar taya a kan kwaltar Afrilu ba abin wasa ba ce komai kyan zanenta.

Bayan haka ku dawo da ƙarfe biyu na rana. A bar ta a tsaye inji na aiki, na'urar sanyaya ciki a kunne, na rabin sa'a, kana kallon allurar zafi. Sannan ku hau hanyar Bodinga ku yi tafiya mai ɗan nisa, ka saurari yadda giya ke sauyawa, ka taka burki da ƙarfi a inda ba kowa, ka bi ta kan gargada ka ji abin da ƙafafunta za su ce. Mai motar da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniya da sunan mai motar na ainihi, da lambar shasi, da farashi, da sharaɗin cewa za a mayar maka da kuɗinka idan takardu suka zama na bogi, shaidu biyu su sa hannu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaidu idan ana ciniki, don haka babu wanda zai ce ka raina shi saboda ka nemi a rubuta. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai motar, la'adar dillali kuma a yanke ta tun farko a biya shi daban. Ka karɓi makullai biyu, domin yanka sabon makullin irin waɗannan motoci da haɗa shi da kwamfutarsu ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Corolla kuma kada ka sayar da ita. Ita za ta ci gaba da zuwa Illela da Gwadabawa ranar kasuwa, ta ɗauki samfurin hatsi da warin albasa, sabuwar kuma ta huta don tafiyar Kano da hidimar iyali. Ranar gwajin ƙarfe biyun nan kuwa, ka ɗauki uwargida ta zauna a kujerar baya ta faɗa maka ko sanyin yana isa can.